Wadan Gizo-Gizo: Ɗan Ƙaramin Maƙwabcinmu a Garka da Yadda Aka Raɗa Masa Suna

Ina gaida manoman albasa na kwarin Tarka a gundumar Madawa. Ina gaida mutanen Buza da na kwarin Majiya. Ina gaida Keita da ƙauyukanta, na kan dutse da na cikin kwari. Wanda ke garka yana ban-ruwa, sannu da aiki. Uwargida da ke gindin murhu, sannu da ƙoƙari. 'Yan makaranta, ku matso kusa da rediyo, yau akwai rabonku a cikin shirin nan.

Yau maganar gizo-gizo za mu yi. Kowa ya san babban nan mai saƙa a kusurwar ɗaki. Kowa ya san Gizo na tatsuniya, mijin Ƙoƙi. A cikin Alƙur'ani mai girma ma akwai sura guda, ta 29, da ke ɗauke da sunan wannan halitta, wato Suratul Ankabut. To amma wanda za mu yi magana a kansa yau, da yawanmu mun taka shi ba mu sani ba. Masana suna kiran irinsa wadan gizo-gizo, saboda ƙanƙantarsa. Tsawon jikinsa milimita 1 zuwa 3 ne. Ku duba rular ɗan makaranta, 'yan layukan nan ƙanana da ke jere. Layi biyu, shi ke nan tsawonsa. Milimita biyu, da ƙafa takwas, da ido takwas, da zuciya mai bugawa.

Za mu fara da inda yake zaune da abin da yake ci. Daga nan mu duba yadda masana suke jera halittu gida-gida. Sannan in ba ku labarin wani gida guda na waɗannan gizo-gizo, wanda aka fara samo ɗansa a nan nahiyarmu ta Afirka. A ƙarshe mu dawo garka, mu ga abin da wannan ilimi zai yi wa manomi.

To, mu fara da gidansa.

Wadan gizo-gizo yana son laima. Yana son ƙasa mai sanyi, ƙarƙashin busasshen ganye, bakin fangali, gefen tabki, cikin ciyawa. Saƙarsa ba irin mai zagaye ba ce da muke gani tsakanin rassan itace. Shimfiɗa yake yi, 'yar ƙarama, kwance dab da ƙasa. Wani lokaci a kan ɗan ramin da kofaton saniya ya bari a laka. Shi kuma sai ya rataye a ƙarƙashin shimfiɗar, bayansa na kallon ƙasa, cikinsa na kallon sama. Ƙwaro ya faɗo a kai, sai ya cije shi ta ƙasa, ya jawo shi. Da rana tsaka ba za ka ga saƙar ba. Sai da sassafe, a ƙarshen damina, lokacin da raɓa ta kwanta a kanta. A lokacin ne za ka ga 'yan fararen shimfiɗu warwatse a kan ciyawa.

Me yake ci? Ku saurara da kyau, manoma. Yana cin darɓa. Yana cin 'yan ƙananan ƙudaje. Yana cin 'yan ƙwarin nan sirara da ke shiga tsakanin ganyen albasa suna tsotsa har ganyen ya yi fari-fari. Ba ya cin ganye. Ba ya cin saiwa. Ba ya taɓa zangarniya. Nama yake ci, naman ƙwari. Zan sake faɗa: wadan gizo-gizo ba ya cin amfanin gona, masu cin amfanin gona yake ci. A shekarar 2017 wasu masana biyu, Martin Nyffeler da Klaus Birkhofer, sun yi lissafi. Suka ce gizo-gizon duniya gaba ɗaya suna cinye ƙwari da makamantansu tan miliyan 400 zuwa 800 a kowace shekara. Babu wanda ya biya su ko dala.

Na san akwai mai cewa a ransa, to tautau fa? Mun taso ana tsoratar da mu da shi. Game da wannan ɗan ƙaramin dai, ku kwantar da hankalinku. Haƙoransa sun yi ƙanƙantar da ba za su iya huda fatar mutum ba.

Akwai wani abu da yake yi wanda nake so yara su ji. Ba shi da fiffike, amma yana tashi sama. Yakan hau kan tsinken ciyawa, ya miƙe ƙafafunsa, ya ɗaga bayansa, ya saki zare. Iska ta kama zaren, sai ta ɗauke shi. Wani ya sauka a gonar maƙwabci. Wani ya yi tafiyar kilomita da dama. A shekarar 1832, masanin nan na Ingila Charles Darwin yana cikin jirgin ruwa, kimanin kilomita 100 daga gaɓar Ajantina, sai ga 'yan gizo-gizo sun sauko a kan igiyoyin jirgin. A tsakiyar teku. Kuma a shekarar 2018, Erica Morley da Daniel Robert na Jami'ar Bristol sun nuna cewa ba iska kaɗai ke ɗaga su ba. Akwai ƙarfin lantarki na halitta tsakanin sama da ƙasa. Gashin da ke ƙafar gizo-gizon yana jin wannan ƙarfi. Sun saka su a akwatin da babu iska ko kaɗan, suka kunna lantarkin, sai gizo-gizon suka tashi. Da 'yan gidan da ake kira Erigone suka yi gwajin. Ku riƙe wannan suna, Erigone, za mu dawo kansa.

Yanzu mu shiga kashi na biyu, yadda ake jera halittu.

Idan baƙo ya tambaye ka daga ina kake, me za ka ce? Za ka ce Nijar. Ina a Nijar? Jihar Tawa. Ina a Tawa? Gundumar Buza. Sai ka faɗi kwamin, ka faɗi gari, ka faɗi unguwa, ka faɗi gidan wane. Kowane mataki yana rage yawan mutane, har a zo kanka kai ɗaya. Haka masana suke yi wa kowace halitta.

Mu bi wadan gizo-gizo mu gani. Mataki na farko, dabba ne, ba tsiro ba. Mataki na biyu, yana cikin masu ƙafafu gaɓa-gaɓa da ɓawo a jiki, tare da fara da tururuwa da ƙaguwa. Mataki na uku, yana cikin masu ƙafa takwas. Nan ne ya rabu da fara da ƙuda da sauro, domin su ƙafa shida gare su. 'Yan'uwansa a wannan mataki su ne kunama da kaska. E, kaskar da ke maƙale a kunnen saniya. Mataki na huɗu, gizo-gizo ne na ainihi: jikinsa kashi biyu, da siririn ƙugu a tsakani, kuma yana fitar da zare daga bayansa.

Daga nan sai dangi. Danginsa ana kiransa Linyphiidae. Wani Baturen Ingila, John Blackwall, shi ya ba dangin wannan suna a 1859. Dangi ne babba ƙwarai. A cikin gizo-gizon duniya, dangi ɗaya ne kawai ya fi shi yawa, wato na masu tsalle, irin waɗanda kuke gani a jikin bango da rana suna zabura kan ƙuda. Dangin Linyphiidae yana da nau'i sama da 4,500, a cikin gidaje sama da 600. A cikin dangin akwai reshe mai suna Erigoninae. Su ne wadannin da muke magana. Ƙarƙashin reshe sai gida. Ƙarƙashin gida sai nau'i. Dangi, reshe, gida, nau'i. Ku maimaita tare da ni: dangi, reshe, gida, nau'i.

Kowace halitta sunanta na ilimi kalma biyu ne. Ta farko sunan gida, ta biyu sunan nau'i. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya kafa wannan tsari. Dokar sunayen dabbobi tana fara ƙirga daga littafinsa na 1758. Duk sunan da aka raɗa kafin wannan shekara ba a lissafa shi. Amma an yi wa littafi ɗaya alfarma. Wani ɗan ƙasarsu, Carl Clerck, ya wallafa littafi a kan gizo-gizon Suwidin a 1757, kuma an karɓi sunayen da ke ciki. Don haka gizo-gizo ne suke riƙe da sunayen ilimi mafi tsufa a cikin dukkan dabbobi.

Me ya sa ake wannan wahala? Domin manomi a Madawa da malami a Yamai da masani a Japan su tabbata abu ɗaya suke magana a kai. Akwai babban kundi na gizo-gizon duniya da ake riƙewa a birnin Bern na ƙasar Suwizalan, kowa na iya duba shi ta intanet. A watan Afrilu na 2022 adadin nau'in da ke cikinsa ya cika 50,000. Kuma har gobe ana ƙara sababbi.

Wani zai tambaya: abin da bai wuce milimita biyu ba, ta yaya ake bambanta wannan da wancan? Da ido ba zai yiwu ba. Kusan dukkansu baƙaƙe ne ko masu ruwan ƙasa, jikinsu na sheƙi. Sai an saka shi a 'yar kwalba cikin alkol don kada ya ruɓe, a kai shi ƙarƙashin madubin likita, wato na'urar da ke ƙara girman ƙananan abubuwa. A gaban bakin namiji akwai wasu 'yan hannuwa biyu masu kumburarren kai. Da su yake barbara. Ƙirar waɗannan hannuwa ta kowane nau'i daban ce, da ƙugiyoyi da lanƙwasa iri-iri. Ita ma mace akwai wani ɗan faranti a ƙarƙashin cikinta, shi ma da ƙirarsa. Waɗannan biyu su ne shaidar da masani yake dubawa, ya zana su a takarda layi-layi. A zamanin nan ana ƙarawa da gwajin ƙwayoyin gado.

Kuma idan ka leƙa madubin, za ka ga abin mamaki a kan mazan. Wani kansa da tozo. Wani da ƙaho. Wani kansa ya miƙe sama siriri, idanunsa a can ƙoli. A wasu nau'in akwai 'yan ramuka a gefen kan, masu fitar da wani ruwa. Lokacin barbara macen takan kama wurin da haƙoranta tana lasa. Duk wannan yana faruwa a jikin abin da muke takawa da takalmi. Tsarki ya tabbata ga Mahalicci.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan wadan gizo-gizo da yadda masana suke jera shi. Mun zo kashi na uku, labarin gida guda.

A shekarar 1798 Napoleon na Faransa ya kai yaƙi Masar. Ya tafi da sojoji, ya kuma tafi da masana. A cikinsu akwai wani saurayi mai suna Savigny. Shi aikinsa tattara ƙananan halittu. Ya tattara, aka zana su zane mai kyau ƙwarai. Amma bayan ya koma gida ciwo ya kama shi, har idanunsa suka kasa aiki. Bai iya rubuta bayanin zanen ba. Sai aka ɗora wa wani masani, Victor Audouin, ya ƙarasa. A 1826 bayanin ya fito. A ciki akwai wani ɗan gizo-gizo na Masar. Aka buɗe masa sabon gida mai suna Erigone, shi kuma aka kira shi Erigone vagans.

A dokar masana, kowane gida yana da nau'i ɗaya da ake auna sauran da shi. Shi ne ma'aunin gidan. Duk inda ya tafi, sunan gidan yana bin sa. To vagans shi ne ma'aunin gidan Erigone.

Shekaru suka wuce. Aka yi ta gano sababbin nau'i a Turai da Asiya da Amurka, ana zuba su a gidan Erigone, har suka yi yawa. Can sai masana suka sake duba hannuwan mazan nan da kyau. Sai suka ga wani abu. Sauran 'yan gidan sun yi kama da juna. Amma shi vagans, ma'aunin gidan da kansa, ƙirarsa ta bambanta da tasu.

Kun ga matsalar? Idan aka bi doka sak, vagans zai tafi da sunan Erigone shi kaɗai. Sauran nau'in masu ɗimbin yawa kuma sai an sake musu suna, a gyara littattafai na sama da shekara ɗari. Sai aka kai maganar gaban hukumar duniya da ke kula da sunayen dabbobi. Hukumar ta yanke cewa a naɗa wani nau'in, mai suna longipalpis, ya zama sabon ma'aunin gidan Erigone. Daga nan, a 1988, wani masani ɗan Ingila, Frank Millidge, ya buɗe wa vagans gidansa na kansa. Ya kira gidan Prinerigone. Tun daga ranar sunansa Prinerigone vagans.

Daga 1826 zuwa 1988, shekara 162 ke nan. Ni wannan labari yana burge ni. Mutane sun zauna, sun yi gardama, sun rubuta wasiƙu, sun kai ƙara gaban hukuma, a kan halittar da ba ta kai ƙwayar gero ba. Kuma da suka ga shaida ta saɓa wa abin da magabatansu suka rubuta, sai suka bi shaidar. A ganina wannan ita ce ɗabi'ar da ta fi cancanta ɗan makaranta ya ɗauka daga ilimin kimiyya.

Gidan Prinerigone ƙarami ne, 'ya'yansa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Shi vagans ya bazu sosai: arewacin Afirka, Turai, Gabas ta Tsakiya, har cikin Asiya. Yana son gonakin ban-ruwa da bakin ruwa. Akwai ɗan'uwansa pigra a tsibirin Madeira, cikin tekun Atlantika. Akwai kuma aethiopica, wanda wani masanin Suwidin, Albert Tullgren, ya bayyana a 1910. Ana samunsa a Tanzaniya da Kenya da Kamaru. Dama a Afirka mai zafi, wannan dangi ya fi yawa a kan manyan duwatsu masu sanyi, kamar Kilimanjaro da Dutsen Kamaru. A ƙasa irin tamu ta Adar, inda rani ke da tsawo, wurin neman irinsu shi ne inda laima take daɗewa: garka, fadama, bakin tabki, inuwar itace.

Wannan ya kawo mu kashi na ƙarshe. Mu dawo gida.

Dattawan Majiya sun san yadda iska ke kwashe ƙasar kwarin a da. Daga 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro don tare iska, da haɗin gwiwar ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE da mutanen ƙauyuka. A Keita kuma, daga 1984, aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa da tallafin Italiya da hukumar FAO. Aka jera duwatsu, aka haƙa ramuka, aka gina madatsun ruwa, aka dasa miliyoyin itatuwa. Iyayenmu mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun nan a ka. Inda itace ya tsaya, ganye zai zuba. Inda ganye ya zuba, laima za ta zauna. Inda laima ta zauna, ƙananan halittu za su samu mafaka. Kuma masana sun daɗe da lura cewa gizo-gizo masu tafiya a iska suna cikin na farko da ke sauka a sabon wuri. Don haka shingen garkarka da layin itacen gonarka ba iska kaɗai suke tarewa ba. Ɗakin kwanan masu gadin amfaninka ne.

Ga inda sanin dangi yake da amfani kai tsaye. Masu noman tumatir da yalo sun san wani ɗan jan abu da ke taruwa a bayan ganye. Yana yin yana, ganyen ya yi rawaya, ya bushe. Da yawa suna kiransa jan gizo. Ƙafarsa takwas, gaskiya ne. Amma ba gizo-gizo ba ne. Ɗan'uwan kaska ne. Jikinsa dunƙule yake guda ɗaya, babu ƙugu, kuma bai kai milimita ɗaya ba. Shi ruwan ganye yake tsotsa. Wannan maƙiyi ne. Wadan gizo-gizo kuwa baƙi ne ko ruwan ƙasa, yana da ƙugu, yana zaune shi kaɗai kusa da ƙasa, ba ya taruwa a bayan ganye. Wannan mataimaki ne. Ja, dunƙulalle, a taru a bayan ganye: maƙiyi. Baƙi, mai ƙugu, shi kaɗai a ƙasa: mataimaki. Wanda bai bambanta su ba, zai ga yana kawai ya ɗauko famfon feshi.

Kuma feshin nan yana da nasa sakamako. Magungunan da ke kashe kowane ƙwaro ba sa tambayar dangi. Ƙananan gizo-gizo suna cikin masu saurin mutuwa da su. Shi kuwa jan nan na tumatir, sau da yawa bayan irin wannan feshi ƙaruwa yake yi, domin an kashe masu cin sa. Abin ya fi muni da maganin da ake sayarwa a kwalba marar takarda a kasuwa, wanda ba a san abin da ke ciki ba. Ƙasashen Sahel suna da kwamitin da ke tantance magungunan gona ya ba su rajista. Kafin ka saya, tambayi malamin gona na gundumarku ko maganin yana cikin jerin. Kafin ka fesa, ka durƙusa ka duba abin da ke cikin fangalinka.

'Yan makaranta, ga aikinku na wannan mako. Ku samu farin faranti ko farin ƙyalle. Da safe ku je gefen garka ko ƙarƙashin dogon yaro, inda ƙasa ke da sanyi. Ku yi amfani da tsinke ku motsa ganyen tukuna, saboda kunama. Ku ɗebi busasshen ganye ku karkaɗe a kan farantin, ku jira. Za ku ga ɗigo-ɗigo sun fara motsi. Ku ƙirga ƙafafu. Shida ne ko takwas? Akwai ƙugu ko babu? Mai waya a gidan ya ɗauki hoto, ya ja shi ya ƙara girma. Ku rubuta ranar, da sunan garin, da irin wurin, a littafinku. Sannan ku mayar da su inda kuka ɗebo su. Rana, wuri, da abin da aka gani: da waɗannan uku kowane masanin halittu yake fara aikinsa.

Ku kuma manyan ɗalibai, muna da Jami'ar Djibo Hamani a Tawa. Muna da Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Muna da cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN. Sunayen da kuka ji yau, Audouin da Blackwall da Tullgren da Millidge, duk na Turawa ne, su suka zo ko aka kai musu, suka duba, suka rubuta. Ina so in ga ranar da za a buɗe kundin nan na Bern a ga sunan ɗan Madawa ko 'yar Keita a gefen sunan wani nau'i da aka samo a kwarin Tarka ko a bakin tabkin Keita. Malaman makaranta, ku fitar da yara waje su duba ƙasa. Iyaye, idan yaro ya durƙusa yana kallon ɗan ƙwaro, kada ku kore shi, ku tambaye shi ƙafa nawa ya ƙirga.

A nan za mu dakata. Allah ya ba da albarkar noma, ya kare mana amfanin gona.